Tambaya da Amsa: Bututun Magudanar Ruwa Daga Naɗin Ƙarfe

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowa duk a kan abu guda suke, wato bututun ƙarfe da ake yi wa ruwa hanya da shi, daga na kwalbati da ake binnewa a ƙarƙashin titi har zuwa siririn da ke sauko da ruwan indararo. Mun taƙaita wasu tambayoyin don a sami wurin amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ganin manyan bututun kwalbati masu tudu da kwari irin na kwanon rufi, ɗinkinsu yana zagaye jikinsu kamar murɗin igiya. Wani ya ce mini daga naɗin ƙarfe mai faɗi ɗaya ake fitar da ƙanana da manya duka. Ta yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, Malam. Shi bututun ƙarfe mai tudu da kwari ba sabon abu ba ne. A 1896 James Watson da Stanley Simpson suka yi masa rajistar ƙirƙira a jihar Indiyana ta Amurka, kuma a wancan lokacin falle-falle ake lanƙwasawa a haɗa da ribit, wato ƙusar da ake dame bakinta ta riƙe falle biyu. Na murɗe da kake gani daga baya ya zo, shi ne ya mamaye sana'ar saboda inji ba ya tsayawa sai naɗi ya ƙare.

Ana ɗora naɗin ƙarfen, wanda tun daga masana'anta an riga an yi masa rufin tutiya, a kan abin warwara. Bakinsa ya fara bi ta rololin miƙarwa, su cire masa lanƙwasar da ya saba da ita. Daga nan ya shiga jerin rololin da ke fitar da tudu da kwari. Ba a lokaci guda suke yi ba: na farko su fara da tsakiyar fallen, na gaba su ƙara zuwa gefe, don ƙarfen ya riƙa tattarowa ciki a hankali ba tare da ya miƙe ya sirance ba. Rololin ƙarshe su kama gefe biyun, su karya ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kamar ƙugiya biyu da ke jiran juna.

Sai wurin naɗewa. Rola uku ne suke tanƙwara fallen ya zagayo, amma da yake a karkace aka shigo da shi, idan ya kammala zagaye ɗaya ba ya komawa kan kansa, gefensa ne yake haɗuwa da gefen wanda ke biye. Nan ƙugiyoyin nan biyu suke sarƙewa, wasu rola biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, su danne su su zama kalmasa mai ninki huɗu. Bututu yana juyawa yana fita, zarto mai tafiya tare da shi ya yanke shi a tsawon da aka sa, galibi mita 6.

Amsar tambayarka tana cikin karkatar nan. Ɗauki samfurin da aka fi yi, mai milimita 68 daga tudu zuwa tudu da zurfin milimita 13. Falle mai faɗin kusan milimita 690, bayan tudu da kwari da kalmasa sun ci nasu, abin da yake rufewa kusan 610 ne. Idan bututu mai faɗin baki milimita 600 ake so, kewayensa 1,885 ne, sai a shigo da fallen a karkatar kusan digiri 19. Mai 1,200 digiri 9 da ɗoriya yake so, mai 300 kuma kusan 40. Girman bututu yana ƙaruwa, karkata tana raguwa. Lissafin guda ne: raba faɗin da falle ke rufewa da kewayen bututu, abin da ya fito shi ne sain (sin a kalkuleta) na kusurwar karkatar, kowace kalkuletar kimiyya za ta mayar maka da shi digiri. Idan ka juya rabon kuma, ka sami tsawon fallen da kowace mita ɗaya ta bututu za ta ci. Ga mai 600 mita 3.1 ne, wanda a kaurin milimita 1.6 ya kama kilo 27 zuwa 28.

Abu na ƙarshe da ake yi wa kowane gunto shi ne a sake murza bakinsa biyu, a mayar da tudu biyu ko fiye su zama zobe miƙaƙƙe, don ɗamarar da za ta haɗa shi da na gaba ta sami wurin kamawa.

Tambaya: Ni mai walda ne, ina da injin naɗi mai rola uku. An ba ni aikin kwalbati a hanyar da manyan motoci ke bi. Niyyata in naɗe sumul ɗin faranti mai kaurin milimita 1.5, in yi masa walda a tsaye. Zai ɗauka?

Amsa: Ba zai ɗauka ba, ɗan'uwa, kuma muna roƙonka kada ka yi. Ƙarfin bututun kwalbati ba a kaurin ƙarfensa yake ba, a tudu da kwarin yake. Ka gwada da takarda: miƙaƙƙiya ba ta iya riƙe kanta, amma ka ninninka ta kamar mafici ka ga ta ɗauki biro. A lissafi, falle mai kaurin milimita 1.6 da aka yi wa tudu da kwari na 68 da 13 ya fi sumul ɗinsa tauri fiye da sau 80. Sumul mai wannan kauri tun wajen ciko zai lotsa, kafin ma mota ta hau.

Sannan akwai matsalar waldar kanta. Tutiya tana narkewa a kusan digiri 420, tana tafasa a 907, wutar walda kuwa ta wuce nan nesa. Duk inda ka bi da ita rufin ya ƙone gefe da gefe, ka bar tsiraicin ƙarfe a layi ɗaya tun daga wannan baki har wancan. Farin hayaƙin da ke tashi kuma shi ne ke sa mai walda zazzaɓi da ciwon jiki da daddare. In walda ta zama dole, a goge tutiyar wurin tukuna, a yi a sarari inda iska ke kaɗawa, da abin rufe hanci na ƙwarai, bayan an gama a kankare a shafa fenti mai yawan tutiya, ba fentin azurfa na ado ba.

In ƙaramin wurin aiki yana son yin kwalbati, tsohuwar hanyar ribit ita ce daidai ƙarfinsa. Ana samo falle mai tudu da kwari na kwalbati (kwanon rufin ɗaki bai kai rabin kaurinsa ba, kada a ruɗe), a lanƙwasa shi a rololin da aka sassaƙa daidai da tudunsa, domin sumul ɗin rola irin naka murƙushe tudun zai yi. Kowane falle ya zama zobe, a ɗora bakinsa a kan juna, a sa ribit ɗaya a kowane kwari. Kauri 1.6 da 2.0 ribit mai milimita 8 suke so, abin da ya fi haka kauri kuma mai 9.5. Daga faɗin baki 1,050 zuwa sama layi biyu ake yi. Zobe da zobe kuma su hau juna da tudu ɗaya, tazarar ribit ɗinsu kada ta wuce milimita 150. A karkasa ɗinkunan tsaye kada su faɗo a layi ɗaya. In ba ka da waɗannan rololi, ka sayi bututun a inda ake yin sa, kai ka riƙe aikin ɗamara da bakin kwalbatin.

Tambaya: Muna da injin murɗe. Kwanan nan bututu yana fitowa wani wuri ya fi wani faɗi, kalmasa kuma tana buɗewa idan aka sauke shi daga mota. Mun ƙara matse rolar kalmasa, sai ta fara tsagewa. Ina matsalar take?

Amsa: Ku sassauta matsin nan tukuna, magani ne da ya zama cuta. Kalmasa tana riƙewa ne da abu uku: zurfin shigar ƙugiyoyin cikin juna, mannewarsu ba tare da rata ba, da ɗan gwiwar da rola ke yi wa ƙarfe a gefen kalmasar don ya tokare ta kada ta zame. In ɗayansu babu, matsi ba zai maye gurbinsa ba, sirantar da ƙarfen kawai zai yi a kan ninki har ya tsage.

Ku yanko gunto a gicciye da kalmasar, ku goge fuskar yankan da fayil, ku duba da gilashin ƙara girma. A manyan bututu shigar ya kamata ta kai kusan milimita 8. Ninkin ya zama mai zagaye kamar ƙugiyar kamun kifi. In ya yi kaifi kamar an karya takarda, matsi ya yi yawa ko rolar ta cinye. In kun ga haske tsakanin ninki da ninki, bai isa ba.

Faɗin da ke hawa da sauka kuwa, mu mun fi zargin naɗin fiye da injin. Falle da aka tsaga ba daidai ba yakan zo da lanƙwasa ta gefe kamar baka. Ku warware mita biyar ko shida a ƙasa, ku ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, za ku ga ratar a tsakiya. Irin wannan falle yana canja karkatar shiga da kansa, ko da ba wanda ya taɓa komai. Kuma abin ba ya son wasa: a bututu mai 1,200, rabin digiri kacal yana sauya faɗi da kusan milimita 70, alhali abin da ƙa'ida ta yarda da shi kashi 1 cikin 100 ne ko milimita 13, duk wanda ya fi yawa. Ku auna faɗin fallen a wurare da yawa ma. In ya gaza ko da milimita biyu ko uku ne, daga ƙugiya ake cirewa, shi ya sa take zamewa. Sai ku duba rololin jagora na bakin shiga ko sun yi sako-sako, da teburin fita ko yana jan bututu gefe.

Mai kula da inji ya riƙe tef a hannu, ya riƙa auna kewaye a kowane gunto. Gyara kuma kaɗan-kaɗan, a jira zagaye uku ko huɗu a ga abin da ya haifar kafin a ƙara taɓawa.

Tambaya: Kwalbatin da aka sa mana bai daɗe ba gindinsa ya rube, ruwa na bi ta ƙarƙashi, alhali samansa fes kamar sabo. Ƙarfen ne maras kyau?

Amsa: Yana iya yiwuwa, amma yawancin irin wannan bututu ta gindi suke mutuwa ko da ƙarfen na kirki ne, domin nan ruwa ke kwana, nan yashi da tsakuwa ke gurzawa. Abin da ke tsakanin ƙarfe da tsatsa rufin tutiya ne kawai. Ƙa'idar bututun kwalbati giram 610 ne a kowace murabba'in mita idan aka haɗa fuska biyu, wato kusan maikiron 43 a kowace fuska (maikiron dubu ne milimita ɗaya), bai kai kaurin gashin kai ba. Fallen da aka yi don wasu ayyuka yakan zo da giram 275 ko ƙasa da haka, a ido kuma ba ka bambanta su. Shi ya sa mai ƙera bututu ya wajaba ya nemi takardar shaidar naɗi, ya kuma mallaki ƙaramin ma'aunin maganaɗisu da ke karanta kaurin rufi. Wanda ya yi kwalbati da falle mai rabin tutiya ya ci amanar mai aiki, ko da bai sani ba.

In rufin ya cika, sai a tuhumi ruwan da ƙasar. Tutiya tana jin daɗi idan ma'aunin tsami, wato pH, yana tsakanin 6 da 10, ƙasar kuma ba mai gishiri ba ce. Ruwan fadama mai ruɓaɓɓen ganye, ruwan da ya fito daga wurin haƙar ma'adinai, da ruwan dattin gidaje duk suna cin ta da sauri. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ruwan da ya ratso dutsen farar ƙasa yana barin wani siririn ɓawo a jikin bututu da ke kare shi, ruwa mai laushi wanda ba shi da wannan sinadari kuwa wanke tutiyar yake yi a hankali. A irin wannan wuri falle mai rufin alminiyam ya fi dacewa, yana jure pH daga 5 zuwa 9. Inda abin ya tsananta akwai mai rufin roba, kaurin maikiron 250 a kowace fuska a kan tutiyar.

Ga naku da ya riga ya huje: in bututun bai sauya siffa ba, ana tare ruwa, a wanke, a cike ramin da ya zaizaye a ƙarƙashi, a zuba kankare mai ragar ƙarfe a gindin, kaurin milimita 75 zuwa 100 a bisa tudu, ya rufe aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen. In ya fara lotsawa, ko titin da ke samansa ya fara zama, a kira injiniya, kada kowa ya shiga ciki.

Tambaya: Ina koyon aikin kwano. Ina so in yi bututun saukar da ruwan indararo mai faɗin milimita 100, amma kullum ko ya yi mini ƙanƙanta ko bakin ya ƙi haɗuwa. Yaya ake yanka?

Amsa: Madalla da mai koyo da ke tambaya. A ce fallenka kaurin milimita 0.6 ne. Haɗa faɗin ciki da kauri ɗaya, 100.6, ka ninka da 3.142, ka sami 316. Sai rabon kalmasa, inda yawancin masu koyo ke faɗuwa: ninki uku na faɗinta ake ƙarawa, ba biyu ba. In kalmasa mai milimita 6 za ka yi, ƙara 18, ka yanka 334. Ka tabbata kusurwoyin fallen huɗu kowace digiri 90 ce daidai, in ba haka ba bututu zai fito baki ɗaya ya fi ɗaya.

Ka karya ƙugiyoyin tun fallen yana kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka saka wani siririn falle a cikinsu kada rola ta rufe su. Injin rola uku ba ya lanƙwasa 'yan santimitocin farko da na ƙarshe, don haka ka fara tanƙwara su a kan wani bututun ƙarfe da gudumar katako, in ba haka ba wurin ɗinkin zai fito da ƙirji. Ka naɗa a zagaye uku ko huɗu kana ƙara matsi. Sarƙe ƙugiyoyin, zura bututun a kan sandar ƙarfe, ka fara kulle baki biyu, sannan ka bi tsawon da ƙarfen kalmasa mai kwari. Gudumar ƙarfe kai tsaye tana ɓare tutiya.

Wajen haɗawa, bakin ƙasa na kowane gunto ake tsukewa ya shiga cikin na ƙarƙashinsa da kamar milimita 50, yadda ruwa ba zai sami baki ya fito ba. Kada ka manna ɗinkin da bango, in ya fara yoyo ba za a gani ba sai bango ya jiƙe. Kada kuma ruwan da ya bi ta kan jan ƙarfe ya sauko cikin bututun tutiya, cinye shi zai yi. Yawan bututun da rufi ke buƙata kuwa daga ruwan ake lissafa shi: rufi mai murabba'in mita 100, a saman da ke zuba milimita 100 a awa, yana sauko da lita 2.8 a kowace daƙiƙa.

Tambaya: Naɗin da muka ajiye ya yi wani farin gari a tsakanin ninkinsa. Ya lalace ke nan?

Amsa: Farar tsatsa ce, tana fitowa idan danshi ya shiga tsakanin ninki inda iska ba ta kaiwa. In sama-sama ce, buroshi mai tauri wanda ba na waya ba zai cire ta. In ta yi baƙi ko ja, a auna rufin kafin a yi aiki da wurin. A ajiye naɗi a ƙarƙashin rufi, a kan katako, kada a lulluɓe shi ruf da leda, gumi zai yi.

Tambaya: Mun binne bututu mai faɗin mita ɗaya, bayan wata biyu ya baje kamar ƙwai. Mai ƙerawa ya ce laifinmu ne, mu kuma mun ce nasa ne. Ku raba mana gardama.

Amsa: Ku fara da abin da ake iya aunawa: kaurin ƙarfe da maikromita (ma'aunin kauri), zurfin kwari, da lafiyar kalmasa. In sun yi daidai da abin da aka yi oda, to maganar mai ƙerawa ta fi ƙarfi. Wannan bututu mai sassauci ne, ba kamar na kankare ba. Nauyi yana danna shi daga sama, shi kuma ya tura gefensa biyu waje, ƙasar da ke gefen ce take tokare shi. In cikon gefen sako-sako ne, ba abin da zai hana shi bajewa, ko da wane kaurin ƙarfe aka yi shi.

Yadda ake yi: a shimfiɗa yashi ko ƙananan tsakuwa a gindin rami, babu dutse babu tudu. A cusa ciko a ƙarƙashin haƙarƙarin bututun da sanda ko shebur, wurin da inji ba ya kaiwa, kuma nan ne aka fi yin ha'inci domin ba mai gani. A riƙa zuba ciko mai tsakuwa-tsakuwa hawa-hawa, kowane hawa milimita 150 zuwa 200, a daɓe shi har ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ma'aunin Proctor, wato gwajin yadda ƙasa ta daɓu, gefe biyu suna tashi tare. In gefe ɗaya ya riga ɗaya, bututu zai mirgina ko ya karkace. Yumɓu mai kumbura, ƙasa mai ciyawa da manyan duwatsu ba su shiga. A samansa ƙasa ta kai aƙalla milimita 300 kafin motocin yau da kullum su bi, manyan injunan aikin hanya kuwa sun fi haka buƙata nesa, kuma sau da yawa su ne ke lotsa bututu tun ba a buɗe hanya ba.

Ku auna tsayin cikinsa a wurare da yawa. Raguwar da ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba, wato milimita 50 a naku, ana karɓarta, a ci gaba da aunawa a ga ko ta tsaya. In ta wuce haka, ko saman ya fara miƙewa ya daina zagaye, a tone a sake ciko, guntun da ya karye kuma a canja shi.